Ƙafar Iya ta Hagu

Talata, bayan la'asar

Iya ta rasu yau da hantsi. An kai ta bayan azahar. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ni na wanke ta, Ungozoma tana zuba mini ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka kawo ni garin nan, katanga ɗaya ce tsakanina da Iya. Ita ta koya mini zaman aure, ita ta koya mini wankan gawa: a fara da dama, a sa hannu ta ƙarƙashin zani ba tare da an yaye ba, abin da ido ya gani kuma a bar shi a ɗakin. Yau na yi mata da abin da ta koya mini.

Abin da ake gaya wa masu gaisuwa shi ne ta tashi za ta fita, ta faɗi, kanta ya bugu da dokin ƙofa. Auta ta tafi injin niƙa, da ta dawo ta tarar da ita. Haka aka yi. Babu ƙarya a cikin wannan.

Auta 'yata ce, tana auren Tela, ƙaramin ɗan Iya. Ita ta yi jinyar Iya shekara guda cur, ga goyo a baya.

Na daɗe a kan ƙafar hagu. Har Ungozoma ta ce, "Malama, ƙafar nan ta zinariya ce? Ruwan zai ƙare fa." Na ce ta zuba.

Laraba, hantsi

Nas ta iso, babbar 'yar Iya da ke aiki a asibitin birni. Ruwa ya yanke hanya jiya, ba ta samu ganin gawar ba. Tana shigowa ta wuce kowa ta zo ta kama hannuwana biyu, ta kai su hancinta, ta ce har yanzu suna ƙanshin kafur.

"Yaya, ke kika yi mata?"

Na ce ni ce.

"To hankalina ya kwanta."

Na ce Allah Ya ba mu haƙuri.

Auta tana bakin murhu tun asuba. Sau uku na wuce ta gabanta, ba ta ɗago kai ba.

Laraba, bayan magariba

Zoben tabo ne a idon sawun Iya na hagu, faɗin yatsa biyu, ya zagaye ƙafar. Wani wuri ya warke ya yi baƙi. Ta baya kuwa, wajen agara, fatar ta ɗaye, sabo ne.

Na san abin da ya yi shi.

Alhamis, bayan asuba

Bari in rubuta shi yadda yake, ko sau ɗaya.

Gigin tsufa ya kama Iya tun bara. Sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta gidan innarta, innar da ta mutu tun ba a haife ni ba. Sau biyu ana tsinto ta a bakin kududdufi. Na biyun maigidana Malam ne ya gan ta yana dawowa daga gona, ƙafafunta a cikin ruwa, tana kiran wani da ba mu sani ba. Tela yana rumfarsa a kasuwa daga safe sai magariba. Auta ita kaɗai: ɗiban ruwa, niƙa, girki, wanki, jaririya. Wata rana ta shigo mini tana kuka, ta ce, "Inna, ko bayan gida ba na iya shiga, sai na fito in tarar ta kai ƙofa."

Ni na ce a ɗaura mata ƙyalle a ƙafa, ɗaya bakin a ƙafar gado, mai tsawon da za ta kai fo na fitsari ta kai taga. Na ce iyakar lokacin da Auta za ta fita, ba fiye ba. Ni na yaga tsohon zanina. Ni na durƙusa na yi ƙullin farko, Iya tana shafa kaina tana sa mini albarka, ta ɗauka takalmi nake sa mata.

Na fara yin ƙulli irin na ɗankwali, ta kwance shi kafin in miƙe. Sai hannuna ya yi wanda ya saba, wanda nake yi wa awakina a turke. Zarge. Wanda in an ja yake ƙara matsewa. Na nuna wa Auta, ta koya.

Wata biyu da kwanaki. Ban taɓa cewa ta cire wa Iya safa in ga ƙafar ba.

Alhamis, azahar

Tela bai sani ba. Kullum ana kwancewa kafin ya dawo, ga safa a ƙafarta saboda sanyin damina. Iya takan ce masa, "Sun ɗaure ni yau." Sai ya yi dariya ya ce, "To Iya, gobe zan kai ƙararsu." Ai tana kuma ce masa innarta ta zo da rana sun sha hira.

Juma'a, hantsi

Auta ta leƙo, wai ta zo aron tukunya. Ta tsaya a ƙofar ɗakina tana jijjiga yarinya duk da ba kuka take yi ba.

"Inna, kin gani ko?"

Na ce na gani.

"Na ƙona ƙyallen."

Na ɗauko tukunyar na ajiye a gabanta.

"In Yaya Nas ta ji, Tela ya ji. In Tela ya ji, zamana ya ƙare a gidan nan. Kin san shi a kan Iya. In an tambaye ki, ki ce ba ki ga komai ba."

Na ce, "Ba zan ce haka ba."

"To ki yi shiru."

Na ce shiru zan iya. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, kowa ya san wannan.

Ta tafi ba ta ɗauki tukunyar ba. Ta rame. Wuyanta ya yi tsawo kamar ba nata ba.

Asabar, bayan asuba

Na zo ɗaure awaki, hannuna ya tsaya. Na bar su a sake a tsakar gida, sun cinye rabin shanyar wake.

Lahadi, la'asar

An tashi zaman makoki, baƙi sun watse. Nas ta ce za ta yi sati uku, ta ɗauki hutu.

Tela ya zo gaishe ni. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, Allah Ya saka da alheri. Abin da ke da Auta kuka yi wa Iya, mu da ta haifa ba mu yi shi ba." Ya kawo mini carbinta da mayafinta mai ruwan toka, ya ce Nas ta ce ni na fi cancanta.

Na karɓa da hannu biyu. Na sa su a ƙasan akwati.

Talata, hantsi

Sati guda.

Ɗakin Iya a buɗe. Da ina jin tarinta ta kan katanga in na fito alwala. Yanzu zakaran Auta kawai nake ji.

Laraba, bayan azahar

Ungozoma, Allah Ya shirye ta. Muna zaune mu huɗu a inuwar ɗakin Iya muna tsintar shinkafa, tana ba Nas labarin wankan don ta sanyaya mata rai. Wai fuskar Iya ta yi haske, wai jikinta laushi kamar na mai barci. Duk gaskiya ne. Sai ta ɗora, "Ita kuwa Malama, ƙafa ɗaya ta kama ta ƙi saki, har na ce ko so take ta tafi da ita gida. Ni idona ba ya gani sosai, na ce ko ƙumba take yanke mata."

Ta yi dariyarta. Auta ta tashi wai yarinya ta farka. Yarinyar tana bayanta.

Nas ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Wani ciwo ne a ƙafar, Yaya?"

Na ce, "Kin san ƙa'ida. Abin da aka gani a ɗakin wanka, a can ake barinsa. Iya da kanta ta koya mini."

"Uwata ce fa."

Na ce na sani.

Ungozoma ta ce, "Rabu da ita, 'yar nan. Wannan ko kishi take ji sai ta duba ko ya halatta ta faɗa."

Alhamis, bayan magariba

Na kai wa Malam abinci, na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Malam, abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci, don wa ake rufe shi?"

Ya ce, "Don mamacin mana. Ba shi da bakin kare kansa."

"In abin ba aibin mamacin ba ne fa? In na mai rai ne?"

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Ke dai da tambayoyinki. Shekara talatin ina amsawa ko sau ɗaya ba ki ce na ci jarrabawa ba." Ya ga ban yi dariya ba. Ya ce, "Aibin mai rai ma ana rufa masa. Sai dai in akwai haƙƙin wani a ciki. Wannan kuma maganar daban ce. Wani abu ne ya faru?"

Na ce abincin zai huce.

Ya ce, "Awakinki kuma, ki ɗaure su kafin maƙwabta su kawo ƙara."

Asabar, bayan asuba

Ƙa'idar don Iya aka yi ta. Ni kuma na shiga cikinta na ɓuya.

Litinin, la'asar

Nas ta kira ni in taya ta kwashe kayan ɗakin Iya. Ni da ita da Auta. Mun ninke zannuwa, mun fitar da katifa rana, mun share ƙarƙashin gado. Mun samu tarin abubuwan da Iya take ɓoyewa: murafan kwalba, gutsuren sabulu, takalmin jariri ƙafa ɗaya. Nas ta yi dariya, ta yi kuka, ta sake yin dariya.

Da muka ja gadon, sai Nas ta durƙusa. Gadon ƙarfe ne mai shuɗin fenti. Ƙafa ɗaya, ta wajen ƙofa, fentin ya goge ya zagaye, ƙarfen yana ƙyalli. Ta shafa wurin da ɗan yatsa.

"Me ya cinye fentin nan?"

Auta ta amsa da sauri, kamar ta daɗe da shirya amsar. "Akuya muke ɗaurewa a nan in ana ruwa."

"A ɗakin Iya?"

"Ɗayan ɗakin yana yoyo."

Nas ta juyo. "Haka ne, Yaya?"

Auta tana bayanta, idonta a kaina. Idon da take yi mini tun tana yarinya in ta fasa wani abu.

Na gyaɗa kai.

Litinin, bayan magariba

Gyaɗa kai magana ce.

Na tsaya sallah na rasa raka'a nawa na yi, na sake, na sake rasawa.

Talata, hantsi

Sati biyu.

Akuya. Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana shida tare da Ungozoma, ta zauna da ni kwana uku lokacin da na binne na biyun. A ɗakinta, a gaban gadonta, aka ce akuya, na ce e.

Alhamis, azahar

An yi rasuwa a unguwar gabas, wata matashiya wajen haihuwa. An aiko a kira ni. Na ce ba ni da lafiya, a nemi wata. Ba ƙarya ba ce sosai. Kwana biyu ke nan ina auna maganata kamar mai auna magani: wannan ƙarya ce, wannan rabi ce, wannan ta kusa. Da ban san wannan lissafin ba.

Juma'a, la'asar

Na kira Auta. Na ce zan gaya wa Nas, zan ce ni ce, kuma ni ɗin ce.

Ta zauna a ƙasa daɓas. "Inna, za ta tambaye ki ranar. Ranar kina gona."

Na ce ba zan ambaci sunanta ba.

"Ba sai kin ambata ba. Gidan mutum nawa ne? Inna, saura kwana huɗu ta tafi. Kwana huɗu. Ta yarda da maganar akuyar, wallahi ta yarda. Iya ta riga ta tafi, faɗar ba za ta dawo da ita ba. Ni ce a raye."

Na ce haƙƙinsu ne su san yadda uwarsu ta mutu.

"Ni fa? Ba ni da haƙƙi a kanki? Ke kika ce in yi. Ni da kaina da ban taɓa tunaninsa ba."

Na ce haka ne.

"Ki roƙi Allah gafara tsakaninki da Shi. Ba Ya ji ne sai Yaya Nas ta ji?"

Na ce kul, kada ta ƙara irin wannan magana. Ta kau da kai. Yarinyar ta miƙo mini hannu, na ɗauke ta, tana jan bakin ɗankwalina tana dariya. Haƙoranta biyu sun fito.

Ban yi mata alkawari ba. Ban kuma ce zan fasa ba.

Asabar

Ruwa tun safe.

Lahadi, bayan azahar

Na je. Nas tana wanki a bayan ɗaki, Auta ta tafi rijiya. Na tsuguna kusa da bahon, na ce, "Ranar nan na gyaɗa miki kai a kan abin da ba haka yake ba. Ba akuya ba ce."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na sani."

Na gaya mata kududdufi, na gaya mata zanin da na yaga, na gaya mata ƙullin. Na ce shawarata ce, hannuna ne.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta ajiye. "A asibiti ma muna ɗaure su, Yaya. Tsofaffi irin Iya, masu fizge allura. Ba ɗaurin ne ya dame ni ba. Amma muna naɗa auduga a ƙarƙashi. Muna dubawa duk bayan awa biyu. Kuma ba ma yin zarge. Wa yake yi wa mutum zarge?"

Na ce shi hannuna ya sani.

"Kina da lambata. Waya ɗaya. Da na aiko da abin da ake yi da shi, da na nuna muku. Me ya sa ba ki kira ni ba?"

Na ce kunya.

"Kunyar wa?"

Ta jawo wata riga ta tsoma a bahon.

"Ta faɗi ne saboda ƙyallen ya riƙe ta?"

Na ce ban kasance a wurin ba, amma haka nake zato.

Nan na gane abin da na faɗa.

Ta dube ni sosai. "To wa ya ɗaura ranar? Wa ya kwance kafin a kira mutane?"

Na dubi ruwan bahon.

Ta ce, "Duk lokacin da na yi waya, Iya takan ce mini sun ɗaure ta. Ina ce mata, to Iya, ki gaishe su." Sai ta sa bayan hannu ta rufe bakinta, kumfa yana gangaro mata har gwiwar hannu.

Na ce ta yafe mini. Na ce don Allah ta bar wa Auta zamanta, yarinya ce, abin da uwarta ta ce ta yi.

Ta ce, "Ni ba zan ɗauki wannan in kai birni ni kaɗai ba. Tela ma uwarsa ce."

Litinin, hantsi

Tela bai fita kasuwa ba. Babu hayaniya. Da na ji ihu da ya fi mini. Na tsaya a jikin katanga da buta a hannu har rana ta taso mini, ban ji komai ba sai kukan yarinya, shi ma aka yi saurin rarrashinta.

Na gaya wa Malam duka. Ya sa takalmi ya shiga gidan Tela. Bai jima ba ya fito. Ya ce Tela ya gaishe shi da ladabi, ya ce babu komai, Allah Ya riga Ya ƙaddara. Malam ya ce, "Irin wannan babu komai ɗin ne ba na so."

Talata, bayan asuba

Nas ta tafi da motar farko. Ta aiko Ungozoma ta ce a gaya mini ta wuce. Ungozoma ta tsaya tana jujjuya bakin zani, yau babu zolaya. Ta ce, "Da na san bakina zai ja wannan, da na ɗinke shi." Na ce ba bakinta ba ne.

Laraba, la'asar

Auta ta dawo gida. Jaka ɗaya a ka, yarinya a baya, bokitin wankan yarinyar a hannu. Ta ƙofar gida ta shigo, ta zagayo ta titi, duk masu zama a bakin hanya sun gan ta.

Na ce, "Ya ba ki takarda?"

"A'a. Ya ce in zo in huta. Ya ce in ya dube ni, ƙafar Iya yake gani."

"Zuwa yaushe?"

"Bai ce ba."

Na share mata ɗakin da ta tashi a ciki, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Ta sha. Ta kwance goyo ta kwantar da yarinyar, ta gyara mata kai, ta daɗe tana kore mata ƙuda. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin da zan ce.

Ta riga ni. Ba da faɗa ba, a hankali, yadda nake magana.

"Inna, kin sauke naki nauyin ko?"

Na ce Allah ne masani.

"Kin sauke. Ina gani a fuskarki." Ta ja zani ta rufe ƙafafun yarinyar. "A kaina kika sauke shi."

Laraba, bayan magariba

Na yi sallah, ban rasa raka'a ko ɗaya ba. Auta tana ɗakin kusa, ba ta taɓa abincin ba.